Kifin Kiwo da Kifin Kogi: Yadda Za Ka Sami Yardar Mai Saye a Gombe

Gabatarwa

Ya kai mai kiwon kifi, ka sani cewa wahalar wata biyar ko shida da ka sha, da kuɗin abincin da ka zuba, da ruwan da ka yi ta sauyawa, duk a rana ɗaya ake yanke musu hukunci, wato ranar da kifinka ya isa gaban mai saye. A garin Gombe, ko a Babbar Kasuwa ne ko wurin masu gasa kifi da yamma a bakin titi, tambayar da mai saye ya fi yi ita ce: "Na kogi ne ko na kiwo?" Idan aka ce masa na Dadin Kowa ne, sau da yawa yakan biya ba tare da dogon ciniki ba. Idan kuwa aka ce na kiwo ne, sai ya fara kushe, ya taya da rahusa.

Masu kiwo da dama kan ɗauki wannan a matsayin rashin sani daga wajen masu saye. Wannan kuskure ne. Mai saye yana da dalilansa, kuma mafi yawan dalilan nan gyaransu a hannunka yake. Bayan ka kammala wannan darasi, ana sa ran za ka iya:

(a) bayyana dalilan da suke sa mutane fifita kifin kogi;
(b) gane abin da ya sa kogi kaɗai ba zai ƙara wadatar da jama'a ba;
(c) gyara ɗanɗano da ingancin kifin da kake kiwo;
(d) yin kiwon da ba ya cutar da kogi da masunta.

1. Inda Kifin Gombe Yake Fitowa

Kifin da ake ci a garin Gombe ya kasu kashi huɗu.

Na farko shi ne ɗanyen kifin kogi da na madatsun ruwa. Babban tushensa Kogin Gongola ne, musamman madatsar ruwa ta Dadin Kowa wadda Gwamnatin Tarayya ta gina a shekarun 1980 a Ƙaramar Hukumar Yamaltu-Deba, kimanin kilomita 37 daga Gombe ta hanyar Biu. Akwai kuma madatsar Balanga a kudancin jihar, da garuruwan bakin kogi irin su Nafada. Daga irin waɗannan wurare ake samun tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da ragon ruwa da kawara.

Na biyu shi ne busasshen kifi, wato banda, wanda fatake ke kawowa daga yankin Tafkin Cadi da kuma garuruwan Kogin Binuwai, irin su Numan inda Gongola ya haɗu da Binuwai.

Na uku shi ne kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje ta tashoshin jiragen ruwa na Kudu, kamar titus da shawa da kote da fanla. Shi ma kifin kamu ne, amma na teku.

Na huɗu shi ne naka, wato kifin kiwo, wanda mafi yawansa tarwaɗa ce da ake renonta a tankunan siminti, ko na tamfol, ko a kududdufan ƙasa.

Alƙaluman da hukumomin Gwamnatin Tarayya suka sha bayarwa a 'yan shekarun nan sun nuna cewa Najeriya na bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, amma abin da ake samarwa a cikin gida, kamu da kiwo duka, bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ba. Wato kasuwa tana nan, kuma tana da faɗi. Abin tambaya shi ne wanda zai ci ta.

2. Dalilan da Suke Sa a Fifita Kifin Kogi

Idan ka zauna da matan da ke soya kifi, ko masu farfesu, ko uwargida mai cefane, za ka ji ƙorafe-ƙorafe guda biyar suna maimaituwa.

(a) Ɗanɗano da wari. Sukan ce kifin kiwo yana da warin taɓo ko ƙarni mai yawa. Wannan gaskiya ne a kifin da aka rena cikin ruwan da ya daɗe ba a sauya ba. Wasu nau'o'in gansakuka da ƙwayoyin halitta da ke yaɗuwa a irin wannan ruwa suna fitar da sinadarai masu warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne jiyosmin. Kifi yana ɗaukarsu ta wurin numfashinsa, su taru a kitsensa. Harshen ɗan Adam yana jin su ko da kaɗan ne ƙwarai.

(b) Taurin tsoka. Kifin kogi yana yini yana iyo da neman abinci, girmansa kuma a hankali yake, saboda haka tsokarsa takan yi tauri. Kifin da aka cunkushe a ƙaramin tanki, aka ɗura masa abinci, namansa kan yi laushi, ya dagargaje a tukunya.

(c) Kitse. Uwargida idan ta fede tarwaɗa ta ga cikin cike da kitse, takan ji an cuce ta, domin ta biya kuɗin nama an ba ta abin zubarwa. Mai banda ma ba ya so, domin kifi mai kitse yana ɗiga a kan wuta, kuma ba ya daɗewa a ajiye.

(d) Zargi. Akwai jita-jitar cewa allura ake yi wa kifin kiwo ya yi girma, kuma mushe da ƙazanta ake ba shi. Maganar allura rashin fahimta ce. A wurin ƙyanƙyasa ana yi wa uwar kifi allura domin ta saki ƙwai, amma 'ya'yan da ake renonsu don ci babu mai yi musu allura. Maganar mushe kuwa, dole a faɗi gaskiya, akwai masu kiwon da suke jefa matattun kaji da ɗanyen kayan cikin dabbobi a tankunansu, kuma su ne suka ja wa sauran baƙin jini.

(e) Zaɓi. Kogi yana ba da kifi iri-iri, mai kiwo kuwa kusan kullum tarwaɗa yake kawowa. Akwai kuma mutanen da ba sa cin kifin da ba shi da ɓawo a jikinsa saboda aƙida ko al'ada. Su karfasa suke nema.

Sai dai kada ka manta kifin kiwo yana da nasa fifikon. Ana samunsa kowane wata na shekara. Ana iya kai shi da ransa har ƙofar mai saye, abin da yake da muhimmanci a zafin bazara inda ɗanyen kifi ke lalacewa cikin 'yan sa'o'i. Girmansa ɗaya ne, don haka mai gashi yana iya tsayar da farashi. Haka kuma ana iya sanin abin da ya ci da ruwan da ya zauna a ciki, alhali kifin kogi babu wanda ya san ko ruwan da aka kamo shi ya haɗu da magungunan feshi na gonakin rani. Ta fuskar gina jiki kuwa, dukkansu abinci ne mai kyau, matuƙar an dafa su sun nuna.

3. Kogi Yana da Iyaka

Kifin kogi amfani ne da Allah Ya hore ba tare da shuka ba, amma yana da ƙa'ida: abin da aka kama a shekara kada ya wuce abin da ya hayayyafa a shekarar. Yawan jama'ar Gombe ya ƙaru ƙwarai tun da garin ya zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, amma faɗin ruwan Dadin Kowa bai ƙaru ba. Idan masu saye suka yi yawa, farashi ya hau, masunci yakan shiga jarabar rage idon komarsa domin ya kama har ƙananan da ba su taɓa yin ƙwai ba. Alamomin ruwan da aka fi ƙarfinsa guda uku ne: kifin da ake kamawa yana ƙara ƙanƙanta shekara bayan shekara, manyan nau'o'i irin su giwan ruwa da yauni suna wuyar gani, masunci kuma yana ƙara sa'o'i a kan ruwa amma kamunsa bai ƙaru ba.

Saboda haka ne Dokar Kamun Kifi ta Ruwayen Cikin Ƙasa ta shekarar 1992 ta haramta kamun kifi da guba ko nakiya ko wutar lantarki, ta kuma hana amfani da komar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci uku, sai a wasu keɓaɓɓun nau'o'in kamu da dokar ta ambata. A Tafkin Kainji an ga yadda komar nan da ake kira dala take kwashe 'ya'yan kifi, har aka hana amfani da ita a ƙarƙashin aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus da aka fara a shekarun 1990, tare da sarakunan gargajiya da shugabannin masunta. Tafkin Cadi kuwa, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, ga kuma rashin tsaro da ya daɗe yana kawo cikas ga su da fatauci a yankin Baga tun bayan 2009.

Ba a nan kaɗai abin yake ba. Rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar a 2024 ya nuna cewa fiye da kashi 37 cikin 100 na rukunonin kifin teku da aka auna a 2021 ana kamunsu fiye da ƙima. Rahoton ya kuma nuna cewa a 2022, karo na farko a tarihi, abin da aka samu ta hanyar kiwo na kifi da sauran dabbobin ruwa, tan miliyan 94.4, ya zarce abin da aka kamo. Ke nan duniya ta riga ta karkata zuwa ga kiwo.

4. Darasi Daga Kifin Tuna

Domin ka ga inda wannan gardama ta na kamu da na kiwo ta fi zafi, bari mu dubi wani babban kifin teku da ake kira tuna, musamman nau'insa mafi tsada wanda Turawa ke kira bulufin. Kifi ne da kan kai nauyin ɗaruruwan kilo, kuma mutanen Japan sun fi kowa sonsa, ɗanye ma suke cinsa. A gwanjon farko na shekarar 2019 a kasuwar Toyosu ta birnin Tokyo, an sayar da guda ɗaya na kamu mai nauyin kilo 278 a kan kuɗin Japan yen miliyan 333.6. Wannan farashin talla ne na buɗe shekara, amma yana nuna darajar da na kamu yake da ita a idon masu saye, kamar dai kifin Dadin Kowa a Gombe.

Wannan so ya kusa ƙarar da kifin a Tekun Atilantika da Bahar Rum. Sai aka koma ga abin da aka kira kiwo: a ƙasashe irin su Sifen da Malta da Kuroshiya da Ostireliya, ana kamo kifin da ransa daga teku, a zuba shi cikin manyan keji, a yi ta ba shi ƙananan kifaye har ya yi ƙiba. Ka lura da aibi biyu a nan. Na ɗaya, irin daga teku aka ɗebo shi, don haka kiwon bai rage wa teku nauyi ba. Na biyu, kafin kifin ya ƙara kilo ɗaya yakan ci kilo 10 zuwa 20 na wasu kifayen, waɗanda su ma kamo su aka yi, kuma irinsu ne talaka yake ci. Sai a 2002 Jami'ar Kindai ta Japan ta yi nasarar renon bulufin tun daga ƙwai har ya girma ya yi nasa ƙwan a wurin kiwo, bayan shekara 32 ana bincike.

Abin da ya ceci kifin a Atilantika shi ne doka da bin ta. A 2006 hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da tuna ta Atilantika ta amince da shirin farfaɗo da shi. Aka hana kama wanda bai kai kilo 30 ba sai a 'yan wurare, aka taƙaita lokacin kamu, aka rage adadin da aka yarda a kama zuwa tan 12,900 a 2011. Da kifin ya farfaɗo, aka ɗaga adadin har ya wuce tan 40,000 a 2023. A 2021 kuma aka cire shi daga jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Darussa uku ke nan gare ka. Kiwon da yake ɗebo irinsa da abincinsa daga kogi bai taimaki kogi ba. Ruwan da aka ba shi hutu yana dawowa da albarkarsa. Sa'an nan mai saye yana biyan kuɗi ne a kan abin da ya yarda da shi, shi ya sa a Turai aka kafa ƙungiyoyin da ke buga tambari a kan kifin da aka samar bisa ƙa'ida, ɗaya ta kifin kamu mai suna MSC a 1997, ɗaya ta kifin kiwo mai suna ASC a 2010. Kai a Gombe, sunanka da littafin lissafinka su ne tambarinka.

5. Yadda Za Ka Gyara Kifinka

(i) Abinci. Abinci yana cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon tarwaɗa, kuma shi ne yake zama naman da mai saye zai ci. Ƙananan kifi suna bukatar abinci mai sinadarin furotin kashi 40 zuwa 45 cikin 100, manya kuma kashi 35 zuwa 40. Idan kai kake haɗa abincinka, ka yi amfani da gasasshen waken soya da tunkuza da garin kifi da masara, kada masara da dusa su rinjayi haɗin, domin yawansu ne ke kawo kitsen ciki. Kada ka yi amfani da tunkuza ko masarar da ta yi funfuna. Ka daina ba da mushe baki ɗaya. Ka ba kifi abin da zai cinye cikin minti 10 zuwa 15 kawai. Abin da ya rage ruɓewa yake yi ya ɓata ruwa. Idan kifi ya kusa isa sayarwa, ka rage abin da kake ba shi a yini zuwa kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa. A watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyi yana rage masa ci, domin tarwaɗa ta fi girma a ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. Saboda haka ka rage abinci.

(ii) Ruwa. Ruwa yana da wuya da tsada a unguwanni da yawa na Gombe, don haka ka ƙayyade yawan kifinka bisa ruwan da kake da tabbacin samu. Kifi 500 a ruwa mai kyau sun fi 1,000 a ruwa mai ɗoyi riba. Idan ruwa ya fara wari, ko ya yi kumfa, ko ka ga kifi sun rataye a sama sun ƙi cin abinci, ka sauya shi nan take. Idan ruwan famfo kake amfani da shi, ka bari ya kwana biyu a buɗaɗɗen tanki kafin ka zuba, domin sinadarin kulorin ya fice.

(iii) Gwajin ɗanɗano. Mako biyu kafin sayarwa, ka kama kifi ɗaya ko biyu, a dafa ba tare da yaji ko kayan ƙamshi ba, kai da iyalinka ku ɗanɗana. Idan kun ji warin taɓo, mai saye ma zai ji.

(iv) Wanke kifi. Idan akwai wari, ka mayar da kifin cikin ruwa mai tsabta, ka daina ba shi abinci, ka riƙa sauya ruwan kullum na kwana uku zuwa bakwai, sa'an nan ka sake ɗanɗanawa. Zai ɗan rage nauyi, amma abin da za ka samu a farashi da yardar mai saye ya fi. Ko babu wari, ka tsayar da abinci yini ɗaya ko biyu kafin kamawa, domin cikinsa ya zama babu komai. Hakan yana rage ƙarni da mutuwa a hanya.

(v) Magani. Kada ka zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa ko abinci sai da shawarar likitan dabbobi ko jami'in kula da kifi. Idan ka ba da magani, ka jira kwanakin da aka rubuta a jikinsa su cika kafin ka sayar. Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin kifi shi ne ruwa mai tsabta da rashin cunkoso.

(vi) Banda. Idan za ka busar, ka cire kayan ciki, ka wanke yauƙin da gishiri, ka bari ya tsane kafin ya hau wuta. Ka yi amfani da busasshen itace mai tauri ko gawayi, ban da roba ko leda ko itace mai fenti. Murhun zamani, irin na Chorkor da aka ƙirƙiro a Gana a 1969, ko waɗanda cibiyoyin binciken kifi na New Bussa da Legas suka inganta, yana rage cin itace da baƙin hayaƙi. Ka lissafa cewa kilo uku zuwa huɗu na ɗanye ne ke ba da kilo ɗaya na busasshe. Kada ka taɓa fesa wa banda maganin ƙwari irin su fiya-fiya don hana tsutsa. Guba ce ga mai ci, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka. Busarwa sosai da ajiya a wuri mai iska su ne kariya.

6. Ka San Mai Sayenka Kafin Ka Zuba Iri

Masu saye ba ɗaya suke ba. Masu banda sun fi son kifi mai nauyin giram 300 zuwa 500, wanda akan samu cikin wata uku zuwa huɗu. Masu gashi da farfesu da otal-otal sun fi son mai kilo ɗaya ko fiye, wanda yake ɗaukar wata biyar zuwa shida idan kulawa ta yi kyau. Uwargida kuwa takan nemi matsakaici wanda za a yanka ya ishi gida. Ka yi magana da wanda za ka sayar wa tun kafin ka sayi 'ya'yan kifi. Wanda ya bari sai kifinsa ya isa sa'an nan ya fara neman kasuwa, dillali ne zai yanka masa farashi, domin ya san kowace rana abinci ake ci.

Ka kuma lura da lokaci. Idan ruwa ya cika a tsakiyar damina, kifi kan bazu cikin ciyayi, kamu ya yi wuya. Ka lura da watannin da kifin kogi yake ƙaranci a kasuwarku, ka daidaita girbinka da su. Haka nan bukata takan ƙaru a watan azumi da lokutan Salla da Kirsimeti da Ista. Idan kana da kududdufin ƙasa da wadataccen ruwa, ka gwada karfasa, domin ta fi dogara da abincin tsirrai, kuma tana da masu nemanta.

7. Gaskiya a Ciniki

Wasu 'yan kasuwa sukan sayar da kifin kiwo da sunan na kogi. Kada ka yi haka, kada kuma ka yarda a yi da kifinka. Ha'inci ne, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar da aka gane, kai da sauran masu kiwo za ku biya. Bugu da ƙari, duk lokacin da aka sayar da kyakkyawan kifin kiwo da sunan na kogi, yabon ya tafi ga kogi, baƙin jinin kuma ya zauna a kan kiwo.

Ka sayar da kifinka da sunansa. Ka gayyaci manyan masu sayenka su ga tankinka da buhun abincin da kake bayarwa. Ka ajiye littafi mai ɗauke da ranar zuba iri, da inda ka sayo shi, da irin abinci, da ranar ba da magani, da ranar sauya ruwa. Ka yi awo da sikeli na gaskiya. Idan ku da yawa ne a unguwa, ku haɗa ƙungiya, ku amince da ƙa'idoji guda, ku riƙa girbi bi da bi domin mai saye ya same ku kowane mako.

8. Kiwon da Ba Ya Cutar da Kogi

Mai kiwo da masunci ba abokan gaba ba ne. Idan kiwo ya ɗauki wani kaso na bukatar gari, kogi zai sami sararin hayayyafa. Domin haka ka kiyaye waɗannan:

(a) Ka sayi 'ya'yan kifi daga amintaccen wurin ƙyanƙyasa. Waɗanda aka kwaso daga kogi ba a san shekarunsu ko irinsu ba, sukan zo da cuta, kuma ɗebo su rage arzikin kogi ne.

(b) Kada ka sayi 'ya'yan kifin da aka kama da koma mai ƙananan idanu don ka ciyar da naka. Kuɗinka ne zai ƙarfafa wannan ɓarna.

(c) Kada ka saki ruwan tanki cikin kwata ko rafi. Taki ne mai kyau; ka juya shi ga lambun alayyafo ko tumatir ko ayaba.

(d) Ka sa raga a bakin magudanar ruwa, kada kifin kiwo, musamman wanda aka haɗa iri biyu, ya kuɓuce zuwa kogi.

(e) Idan kai ma kana su, ka bi dokar idon koma, ka girmama hutun da Sarkin Ruwa ko hukuma suka sa a lokacin da kifi ke ƙwai a farkon damina.

Kammalawa

Mai saye a Gombe yana neman abu uku: kifi mai daɗi, mai tsoka, wanda hankalinsa ya kwanta da shi. Ya saba samun waɗannan a kifin kogi, shi ya sa yake tambaya. Kogi kuwa ba zai iya ciyar da garin da yake ƙara girma kullum ba. Idan ka kyautata abinci, ka tsabtace ruwa, ka ɗanɗana kafin ka sayar, ka kuma faɗi gaskiya, mai saye zai dawo yana neman kifinka da sunanka. Domin ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinku ko sashen kula da kifi na Ma'aikatar Aikin Gona ta Jihar Gombe.

Tambayoyin Bita

1. Kawo dalilai huɗu da suke sa mai saye ya fifita kifin kogi, ka faɗi waɗanda kake iya gyarawa.
2. Me yake kawo warin taɓo a kifin kiwo, kuma yaya ake kawar da shi?
3. Mene ne mafi ƙanƙantar idon koma da dokar 1992 ta yarda da shi?
4. Wane aibi ne ke cikin kiwon tuna a keji, kuma ina makamancinsa a kiwon tarwaɗa?

Aikin Gwaji

Ka sami tarwaɗa biyu masu girma ɗaya, ɗaya ta kogi, ɗaya daga tankinka bayan ka wanke ta kwana biyar. A dafa su iri ɗaya a tukwane daban, a ba mutum biyar su ɗanɗana ba tare da an gaya musu wacce ce wacce ba. Ka rubuta abin da kowa ya faɗa, ka kai wa malamin gona ku tattauna.